Golf 5 GTI tana shaƙewa in an taka ta: yadda aikin yake tafiya

Asabar, 5 ga Afrilu 2025

Motar Golf 5 GTI ce ta 2007, 'yar Kwatano, injin 2.0 TFSI mai lamba BWA, giyar hannu mai shida, tobon ma, wato abinda yake cusa wa injin ƙarin iska, ɗan ƙaramin K03 ɗin da ta fito dashi ne, kwamfutarta kuma ta kamfani ce ba'a ƙara mata komai ba. A cikin gari lafiya lau take, silo ɗinta sumul, daga Zoo Road har Sabon Gari ba zakaji komai ba ko da AC a kunne. Matsalar sai an fita babban titi. In kana giya ta uku ko ta huɗu ka danne totur har ƙasa, daga wajen 3000 allurar juyin inji ta fara hawa sai ta riƙa fizga, tif tif tif, sannan ta yi sanyi gaba ɗaya kafin ta sake kamawa. In ka ɗan sassauta ƙafa ka bita a hankali tana hawa har 5000 ba wani ƙorafi. Kuma cek injin bai kawo ba ko sau ɗaya.

Abinda yasa na ɗauki abin da zafi, jiya a hanyar Wudil na fita zan wuce tirela, na kai daidai tsakiyarta motar ta yi min wannan sanyin, ga wata bas ta taho daga gaba. Allah ya tsare na koma bayan tirelar. Motar da zata yi maka haka a lokacin da kafi buƙatar ƙarfinta ba motar da za'a ce a lallaɓa bace, iyali nake ɗauka a ciki.

Na kai wa ogan garejinmu da safe, ya zaga da ita ya dawo yace Alhaji nozul ne, ko kuma famfon cikin tanki, a sayo mu canza mu gani. Nace Oga wannan "mu gani" ɗin ne bana so. Mutum ne mai hannu wallahi, shekaru yana min aiki, amma injin da yake fesa fetur kai tsaye cikin silinda ba irin Golf 3 ɗin da suka saba bane da kunne kaɗai zai gaya maka ciwonta. Mun tsaya akan ba za'a sayi ko noti ba sai an auna. Abu uku ne dai suke sa mota mai tobo ta shaƙe in an matsa mata, ko wuta ko iska ko mai, kuma dukansu ukun a silo lafiya suke nunawa, sai tana tafe an ɗora mata nauyi suke bayyana.

Talata, 8 ga Afrilu

Na aro wayar VCDS, wadda ake jona wa mota a karanta kwamfutarta, da laftof wajen wani abokina mai Passat. Ashe akwai lambobi biyu a ajiye a kwamfutar duk da fitila bata kama ba, P0302 wato misin a silinda ta biyu, da P0299 wato iskar tobo bata kaiwa yadda ake nema. Na rubutasu a takarda kafin na goge, sbd da yawa 'yan sikana da zarar sun jona sai su danna gogewa su ce an gyara, shaidar da kake da ita kenan ta tafi.

Mun fara da wuta tunda ita tafi sauƙi. Kowacce silinda da kwayil ɗinta a saman fulogi, toh sai muka ɗauke na biyu muka kai uku, na uku muka dawo dashi biyu, ba kuɗi ba komai. Ƙanena ya riƙe laftof a kujerar gefe ya buɗe rukuni na 015 da 016 a cikin VCDS, masu ƙirga misin, muka hau Eastern Bypass da sassafe kafin manyan motoci su cika ta. Ina dannewa yace Yaya ta uku ce take ƙirgawa yanzu, ta biyu sifili. Shikenan ciwon ya bi kwayil.

Da muka cire fulogan kuma sai naga dalilin da kwayil ɗin ya gaji. Fulogi ne na gama-gari wanda ake sawa kowacce mota, bakinsa ya cinye, da na sa ma'auni tazarar ta haura milimita 1, alhali injin nan 0.8 yake so. A silo matsin cikin silinda kaɗan ne, tartsatsi yana tsallaka wannan tazarar cikin sauƙi. Amma da tobo ya cusa iska matsin ya ƙaru, sai tsallakawar ta nemi wuta mai ƙarfi sosai, kwayil mai rauni ya kasa, ko kuma wutar ta nemi wata hanya ta bi ta jikin robar. A jikin farin tangaran na fulogi na biyu akwai wani siririn layi baƙi daga sama har ƙasa, na goga da tsumma bai fita ba, hanyar da wutar take zurarewa kenan. An sa NGK PFR7S8EG guda huɗu da sabon kwayil ɗaya. Oga yace a canza kwayil ɗin duka huɗun a huta, nace sauran ukun basu yi laifi ba tukunna, amma na sayi ɗaya na ajiye a but.

Asabar, 12 ga Afrilu

Fizgar nan ta tif tif ta tafi, misin sifili a duka huɗun. Amma motar har yanzu bata da kuzarin da na santa dashi, ka taka sai tayi ta jan jiki, kuma akwai wani huci siriri da nake ji ta ɓangaren fasinja in tobo ya fara aiki.

Rukuni na 115 shine yake nuna iskar da kwamfuta ta nema da wadda ta samu a zahiri, gefe da gefe. Wanda zai duba wannan ya lura, lambar da yake gani haɗe take da matsin iskar sararin duniya, a nan Kano wajen 960 mbar tun kafin a tada inji, sai ka cire wannan kafin ka san aikin tobo. Giya ta huɗu daga 2000 na danne, kwamfuta ta nemi wajen 1900, abinda ta samu ya tsaya kusan 1500 ya ƙi gaba. Yaran gareji har sun fara cewa tobo ya mutu, ɗaya ma yace ya san mai tobo ɗan Beljiyam a Ƙofar Ruwa. Na sa aka cire tiyon gabansa na kama sandar da yatsa na girgiza, ba ta wasa gaba da baya, fukafukan lafiya, salansa kuma ba hayaƙi. Tobon da ya mutu ba haka yake ba.

Muka bi tiyo ɗaya bayan ɗaya daga tobo zuwa intakula mai sanyaya iskar, zuwa totur, kilif ɗinsu duk a zaune, ɗan dasashin baƙin mai ne kawai a mahaɗa wanda kusan duk mai irin motar zai gani. Sai bawul ɗin N249 da yake manne a jikin tobon kansa. Aikinsa in ka ɗaga ƙafa daga totur ya buɗe ya mayar da iskar da ta taru baya, don kar ta dawo ta daki fukafukan, in ka taka kuma ya rufe ruf. Ta ƙasa ake isa gareshi, an ɗage motar an cire tayar dama ta gaba, ƙusa uku masu alanki 5, ta saman ce ta ba yaron wahala sbd ba'a ganinta sai lalube. Da ya miƙo min na ɗaga robar ciki da farce sai ga tsaga ta kusa rabin zagaye, ina hango hasken rana ta cikinta. Duk iskar da tobo yake wahalar tarawa ta nan take komawa inda ta fito.

Alhamis, 17 ga Afrilu

Ƙofar Ruwa akwai bawul ɗin amma duk 'yan Beljiyam ne masu roba irin nawa, wasu ma da ka danna zakaga sun fara tsagewa. Akwai wanda aka fitar daga baya mai fistin a madadin roba, lambarsa 06H 145 710 D, shi nasa a aiko min daga Ladipo a Legas. Motar tana ajiye ina hawa Keke, gara haka da in riƙa tilasta wa tobo yana juyin banza a wannan zafin.

Asabar, 19 ga Afrilu

Bawul ya iso jiya, an ɗaura yau da safe. Rukuni na 115 yanzu lambobin biyu tare suke tafiya, hucin ya ɗauke, giya ta biyu da ta uku motar ta dawo GTI sosai har ƙanena yana dariya. Ana kukan targaɗe sai ga karaya. A giya ta huɗu, wajen 4500, ta yanke gaba ɗaya, ba fizga ba wannan karon, ƙarfin ne ya ɗauke ɗif na kusan daƙiƙa guda har muka yi gaba a kujera, fitila ta kawo. Na gangara gefe muka duba, P0087 da P2293, duka biyun maganar matsin fetur suke.

Oga da na kirashi yace kaga ni, da ma nace famfo ne. Da gaskiyarsa ta wani ɓangaren, amma famfo biyu ne a motar nan kuma ba wanda ya ambata bane lallai. Na cikin tanki na lantarki ne, yana turo mai da matsi kaɗan, bar 4 zuwa 6 haka. Na biyun yana saman inji a ƙarshen kai ta ɓangaren giyabos, kamshaf ne yake bugashi, shi yake ɗaga matsin daga wajen bar 50 a silo har 110 in an danne. Da can iska bata isa, toh man da ake nema ma kaɗan ne, famfon yana iya rufa wa kansa asiri. Yanzu da iska ta cika aka nemi mai na gaske sai ya gaza. Ni a ganina wannan ciwon ya riga sauran biyun daɗewa, su ne suka ɓoye shi.

Mun sake fita da rukuni na 230 mai nuna matsin famfon sama a buɗe, ban kai ta inda zata yanke ba. Abinda ake nema 110, na zahiri ya bi shi har wajen 3500 sannan ya fara zamewa, 90, 80, da ya doshi 60 na ɗaga ƙafa. Inji mai tobo da mai ya yi masa kaɗan a ƙarƙashin nauyi zafi yake yi fiye da ƙima, fistin ake narkarwa a haka, ba abin gwaji bane da za'a yi ta maimaitawa.

Asabar, 26 ga Afrilu

Farko filtar mai, tana ƙarƙashin mota gaban tayar baya ta dama. Da aka cire aka juyata a roba fetur ɗin da ya zubo ja ne da ƙasa-ƙasa a ciki. Ita filtar nan da regileta a jikinta, kuma an rubuta bar nawa ce a gefe, tawa 6.6, toh duk wanda zai saya ya duba rubutun sbd akwai mai bar 4 ta ƙananan Golf da suke kama da juna sak, in ka sa ta wata sabuwar matsalar ka sayo. Bayan sabuwa, rukuni na 231 ya nuna ɓangaren tanki yana riƙe matsinsa har sama. Amma 230 yana nan yana faɗuwa kamar da. Famfon tanki ya fita daga zargi kenan.

Sai famfon sama. Kafin a taɓa shi na sa an cire kan batir, sbd motar nan da ka buɗe ƙofar direba famfon tanki yake tashi ya tura mai, in layi a kwance yake fetur zai watsu akan inji. An bar injin ya huce, an sa tsumma an saki matsin ta ɗan bawul ɗin jikinsa, aka kwance layukan, sannan ƙusa uku masu T30, a hankali ana sassautasu bi da bi don akwai sifirin mai ƙarfi a ciki.

Tsakanin sandar famfon da kamshaf akwai wani ɗan ƙarfe da ake kira kam folowa, girmansa da siffarsa kamar murfin kwalbar maganin tari. Sabo fuskarsa baƙa ce wuluk mai santsi, wani shafe ne mai tauri da aka yi masa don ya jure gogayya, kuma abu ne mai cinyewa da ake dubawa lokaci lokaci. Oga ya zura ɗan yatsa ya zaro nawa ya ɗora min a tafin hannu bai ce komai ba. Baƙin babu shi ko ɗigo, fuskar ta lotsa, tsakiyar kuma ta huje, rami ne sosai da bakinsa ya yi kaifi. Sandar famfon ta leƙo ta ramin tana cin kamshaf kai tsaye, kanta ya goge ya karkace. Muka haska tocila cikin ramin, yaro yana juya inji da sifana a hankali. Ƙusumbi uku ne a wurin da suke buga famfon a kowane zagaye, duka ukun an yi musu kwari a tsakiya, farce yana maƙalewa. Toh in ƙusumbin ya cinye sandar bata yin cikakkiyar tafiya, man da take turawa a kowane bugu ya ragu, a silo ya isa, a 4500 bai isa ba. Lissafin ya fito daidai da abinda laftof ta nuna.

Wallahi raina ya ɓaci, don wannan ɗan ƙarfen shine mafi arha a duk abinda muka taɓa, cire shi a duba bai kai aikin awa ɗaya ba, amma yanzu ya ja famfo da kamshaf. A jikin ƙofa akwai tsohuwar takardar sabis ta wanda ya riƙe motar kafin ni, 20W-50 aka rubuta. Injin nan baƙin mai mai ƙa'idar Volkswagen ta 502 00 yake so, irin 5W-40 sintetik, kuma wannan wurin da ƙarfe yake gogar ƙarfe da mugun matsi shi yake fara nuna in an sa wanda bai dace ba ko an daɗe ba'a juye ba.

Oga yace Alhaji mu sa sabon folowa kawai da famfo ɗan Beljiyam, zata tashi ta yi tafiya. Tabbas zata tashi. Amma kamshaf mai kwari zai cinye sabon cikin ɗan lokaci mu dawo gidan jiya, kuma matsin ma ba zai kai ba. Nace a bar ta a rufe sai kaya sun haɗu.

Asabar, 3 ga Mayu

Sati na kashe kuɗi. Kamshaf na shigar iska, famfo, folowa, da ɗan sarƙa da tenshina ɗinta. Yadda injin yake, bel yana juya kamshaf na salansa daga gaba, shi kuma ta baya yana jan na shigar iska da wannan gajeriyar sarƙar, toh tunda za'a buɗe wajen ba dalilin mayar da tsohuwa. Bel ɗin taimin da famfon ruwa suma na haɗa tunda hannu ya riga ya shiga. Kamshaf ɗin ɗan Beljiyam ne, na je da kaina da tocila na shafa ƙusumban ukun kafin na biya, na ƙi wasu da aka fara nuna min don suma sun fara layi. Folowa kam sabo fil a kwali, wannan ba'a sayen na hannu.

Abinda na dage akai shine a sauke kaskon baƙin mai. Ƙarfen da ya ɓace daga tsakiyar folowa ai wani wuri ya tafi. Aka sauke, ga ɗan garin ƙarfe yana ƙyalli a ƙasan kaskon, rariyar famfon baƙin mai kuma ta kusa rabi a toshe da daskararren mai da 'yan ɓarɓashi. An wanke tas, sabuwar filta, sabon 5W-40. Wajen ɗaure kamshaf sai da muka aro ƙarfen da yake kulle kamshaf ɗin biyu a daidai, daga wajen wani mai gyaran Audi, Oga ya so yayi da alamar fenti nace a'a, haƙori ɗaya in ya goce wani sabon bincike ne. Shi da kansa da ya gwada ƙarfen yace zai sa maƙeri ya ƙera masa irinsa.

Asabar, 10 ga Mayu

Ta tashi tun Laraba, na bi ta a hankali cikin gari ina duba ɗigo, babu. Yau bayan asuba muka hau titin Zariya bayan Na'ibawa. Giya ta huɗu daga 2000 har kusan 6000 ƙafa a ƙasa, ana neman 110 ana samun 108, 110, 111, bai zame ba ko kaɗan. Iska daidai, misin sifili, ba lamba ko ɗaya. Ƙanena yace Yaya sake, na sake, haka dai.

Saura abu ɗaya da na lura da rana. Wajen ƙarfe uku da zafi ya haura 40 motar tana ɗan yin laushi a tsakiya, ba yankewa ba fizga, ƙarfin ne dai bai kai na safe ba. Rukuni na 020 ya nuna kwamfuta tana jan taimin baya, da safe digiri 1 zuwa 2, da rana har 6 a silinda biyu na tsakiya. Nok sensa ce take jin fetur yana neman fashewa kafin lokaci sai ta kare injin. A murfin tanki fetur mai okten 98 aka rubuta, wato lambar juriyarsa ga wannan fashewar, mafi ƙaranci 95, namu na gidan mai kuwa wajen 91 yake, ga iska mai zafi tana shiga. Fetur ɗin ba yadda zanyi dashi, amma iskar akwai. Intakular motar nan a matse take tsakanin kondensar AC da lagireto, na leƙa da tocila duk ƙurar hunturu da ƙwari sun cike ramukan. Asabar mai zuwa in Allah ya kaimu za'a cire bamba a wanke su ukun da ruwa mara ƙarfi don kar fukafukan su lanƙwashe, sannan in sake auna 020 a daidai wannan lokacin na rana a wannan titin.

Bayan nan sai bawul ɗin shigar iska, tunda fetur baya bi ta kansu a irin wannan injin datti yana taruwa ya daskare, sai an cire manifol an kankare da hannu, wannan sai bayan Babbar Sallah in aljihu ya farfaɗo. Folowa kuma na gaya wa Oga a juyen baƙin mai na gaba za'a sake zaro shi mu ga yadda ya zauna da wannan kamshaf ɗin, na rubuta kilomitar da aka sa shi a jikin ƙofa kusa da takardar sabis.